Dami Goma Sha Biyun da Na Sayar

Shekarar da Baba ya bar mini hawan rumbu, Allah Ya ba mu damina mai kyau. Idonsa ya fara hazo, gwiwarsa kuma ta daina yarda da tsani. Wata safiya bayan an gama kwaso amfanin gona ya kira ni zaure, ya ce daga ranar ni zan riƙa jefo dami. Ya koma jan carbinsa. A wajenmu wanda ke hawa rumbu shi ne maigida, ko da wanda ya haife shi yana nan zaune a zaure. Mata ba sa leƙa rumbu, yara ba sa leƙawa. Maigida ya hau, ya ɗaga jinka, ya jefo dami, mata su sussuke, su sheƙe, su dafa. Abin da ya rage a ciki daga shi sai Ubangijinsa.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin. Ban yi boko ba. Allo na yi, na sauke, na daɗe gaban malamina ina karatun littattafai har ya koya mini hisabin rabon gado. Da ajami nake rubuta komai, kuma in an yi rasuwa a unguwa ni ake kira in fitar da sudusi da sumuni. Wannan ya sa nake ganin babu abin da zai gagari alƙalami in an ba shi lokaci da tawada.

Abin da ke gabana a shekarar ɗakin Inna ne. Soro ne na ƙasa, tun na aurenta, azararsa ta gaji. Daminar da ta wuce sau uku tana jan gadonta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta jera tasoshi da ƙore a ƙasa suna tarar yoyo. Mun yi yaɓe, mun gyara indararo, ruwa bai fasa shiga ba. Ba ta yi mini ƙorafi ba, amma tarin da ta yi wata guda tana yi ya ishe ni magana. Na ƙudura a raina kafin ruwa ya sake sauka sai na sa mata kwano. Kuɗin gyaɗa kuwa ya riga ya tafi a taki da tufafin yara da makarantar biyu daga cikinsu. Abin da ya rage zai biya kafinta da katako da ƙusa, amma ba zai sayi kwanon ba. Saura hatsi. Dami nawa zan iya cirewa in sayar, abinci kuma ya kai mu sabon gero? Abin da nake son sani ke nan.

Na fara da Baba.

"Baba, dami nawa muke ci a gidan nan a shekara?"

"Abin da Allah Ya ba mu."

"Na sani. Amma nawa?"

Ya juyo da kansa wajen da muryata take fitowa, ya yi murmushi. "Shekara arba'in ina hawa rumbun nan, ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba. Kai daga hawa biyu ka fara yi masa shari'a."

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Mutum ya ciyar da gida shekara arba'in, ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba, amma bai san adadin abin da ake ci ba. Na ce a raina to da me yake aunawa? Na tambayi Inna, ta ce ita sanin da ta yi, in an jefo ta daka. Na tambayi maiɗakina tana tsaka da surfe, ta ce wata rana kaza wata rana kaza, ya danganta. Na ce da me ya danganta? Ta ce, "Da cikin mutane mana, Malam," ta ci gaba da dakanta.

Muna da maƙwabcin gona, dattijo, sa'an Baba ne kuma tare suka yi kiwo suna yara. Kirista ne, iyayensa kuwa a kan addinin gargajiya suka rasu. Gidansu ya yi suna wajen noma, ana cewa akan sami dawar shekara uku a rumbunansa. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙaramin malam. Na same shi gindin ɗorawa yana tufkar igiya, na yi masa tambayar.

Ya yi dariya har igiyar ta suɓuce masa. "Tsohon makahon ne ya aiko ka, ko kai ka aiko kanka?"

"Ni na aiko kaina, Baba."

"To mu a gidanmu, da rani kowace mace tana da ɗan rumbunta, da abin da ta noma a gayaunarta take ci da 'ya'yanta. Babban rumbu a liƙe yake. Ba na taɓa shi sai ranar da aka fita shuka."

"Me ya sa sai ranar shuka?"

"Don ranar ake fara cin abinci."

Na ɗauka zolaya ce irin tasa, na yi dariya na taso. Na ji daɗin sanin al'adar gidansu, amma ban ga inda ta shafi lissafina ba.

Tun da babu mai ba ni adadi, sai na ce bari in nemo da kaina. Lokacin sanyi ne, ƙannena biyu sun tafi cin rani birni kamar yadda suka saba, ɗaya yana dako a kasuwa, ɗaya yana bin magina. Mu goma sha ɗaya muka rage a gida, har da matar babban cikinsu da ɗanta. Na jefo dami, na tsaya aka sussuke a gabana, na auna da tiyar kasuwa, ya ba da shida. Na sake da wani, shida ba kaɗan. Sannan na yi sati biyu kullum ina tambayar abin da aka ɗiba, ina ɗiga ɗigo a takarda. Tiya biyu a rana, wani lokaci da ɗan ƙari. Matan gida suka mai da abin wasa. In na shigo sai matar ƙanena ta ce, "Ga mai awo nan, a ɓoye ƙanzo." Ban damu ba. Daɗi ma nake ji, kamar wanda ya gano wata mas'ala da malamai suka tsallake.

Lissafin ya fito sumul. Dami ɗaya kwana uku, wata ɗaya dami goma, wata goma sha biyu dami ɗari da ashirin. Mun sami ɗari da sittin, gero da dawa. Na riga na fitar da zakka goma sha shida, na ware huɗu na iri. Na ƙara takwas saboda ƙannena in sun dawo da damina. Goma sha biyu suka yi saura, babu mai su. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama yadda malamina ya koya mini a duba rabon gado, bai canza ba.

Na karanta wa Baba takardar. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Rubutu ya yi kyau," ya ce, shi da ba ya gani. "Ni dai ban taɓa sayar da hatsi ba sai na ga geron gona ya fid da kai ya yi bununi."

"Saboda me, Baba?"

"Haka na tarar."

"In na jira bununi ai ruwa ya gama dukan Inna."

"Haka ne," ya ce. "Rumbu a hannunka yake."

Da ya ce mini kada in sayar, da ban sayar ba. Amma bai ce ba, ni kuma amsar nan ta haka na tarar ba ta taɓa ƙosar da ni ba tun ina yaro. Aka sussuke goma sha biyun, suka kusa cika buhu biyu, na kai kasuwar Bici na sayar wa wani ɗan kasuwa mai tara hatsi. Na sayo kwano, kafinta ya yi kwana uku, ɗakin Inna ya tashi yana walƙiya ana hangowa daga rijiya. Ta ce zafi ya yi yawa, ta ce in kaza ta hau kamar ana yaƙi. Amma duk matar da ta shigo gidan sai ta ja ta ta nuna mata, tana cewa yaron nan ne da rigimarsa.

Rani ya wuce yadda takarda ta ce. Kowane kwana uku in hau in jefo ɗaya. Har na fara tunanin in koya wa mutanen unguwa wannan hanya.

Ruwa ya ɗan makara, sannan ya sauka. Ƙannena suka dawo da 'yan tsarabarsu, muka yi shuka, muka shiga noman fari. A nan ne na fara lura da wani abu. Na jefo dami yau, jibi da safe maiɗakina ta ce hatsi ya ƙare. Na ce ba shekaranjiya na jefo ba? Ta ce e, ya ƙare. Na hau na jefo. Aikin gona ya sha kaina, asuba mu fita, la'asar mu dawo a gajiye, takarda tana cikin gafaka ban ko buɗe ta ba. Muka yi gayya sau ɗaya a babbar gona, aka jefo dami uku rana guda saboda fura da tuwon mutane. Na ce ba komai, ai ba kullum ba ne.

Sai da marka ta kama, muna maimai, wata rana na hau na ga sai na shiga ciki da ƙafata kafin in kai ga dami. Na tsuguna a cikin duhun rumbu na ƙirga da hannu. Tara. Na sake ƙirgawa. Tara. Geron gona kuwa ko ciki bai gama yi ba, a ƙalla da sauran kwana arba'in.

Gaskiya abin da ya fara zuwa mini ba tsoro ba ne, mamaki ne. Ina hatsin ya tafi? Na duba ƙasan rumbu ko gara ce, babu. Na duba ko ɓeraye, ga kashinsu nan kaɗan, amma ɓera ba ya cin dami goma. Na zaga bayan rumbu ina neman sawu, har zuciyata ta fara kawo mini sunayen mutane, na yi istigfari na bar wannan. Na ɗauko takarda na sake bi. Babu kuskure a cikinta. Hatsi dai ya fita ta hannuna, ni na jefo shi, amma ban san inda ya shiga ba.

Washegari na ce bayana na ciwo, ƙannena suka tafi gona da 'yan ƙwadago biyu da muka ɗauka. Na shimfiɗa buzu gindin darbejiya a tsakar gida, na ɗauko wata fartanya ina gyara mata ƙota, ina kallo. Tun da aka haife ni a gidan ban taɓa wuni tsakar gida da damina ba.

Da sassafe an riga an ci ɗumame an sha kunu. Hantsi na ɗagawa aka ɗora tukunyar fura, na ga dunƙulen da ake jefawa ciki sun ninka na rani. Wata Bafulatana ta yi sallama da ƙwaryar nono, maiɗakina ta auna mata gero ta karɓi nono, babu kuɗi a tsakani. Da rani ba ma sayen nono sai jefi-jefi, amma ba a aika wa mai noma fura gaya. Aka dama a babbar ƙwarya wadda da rani tana kife a kan danga, aka kai gona. Kafin azahar aka turara dambu, shi ma gona. Mai daddawa ta zo, aka ba ta gero cikin ɗan kwano. Yara suka dawo daga ciyawar awaki, kowa da yunwarsa. Da yamma aka tuƙa tuwo a tukunyar da sai da suna nake ganin ta, aka fara jera kwanuka. Na Baba, na Inna, namu na ƙofar gida inda muke ciyayya da maƙwabta, na yara, na mata. Sannan na ga wasu guda biyu an rufe an ajiye gefe. Na tambaya. Ɗaya na wata tsohuwa ce a bayan gidanmu da ba ta da kowa, ɗaya na gidan wani ɗan'uwan Inna da rumbunsu ya ƙare tun farkon marka.

"Tun yaushe ake kai musu?"

"Kowace shekara in marka ta kama," in ji Inna. "Tun kana goye."

Ban ɗiga ɗigo a takarda ba ranar, amma idona ya auna. Ya kusa tiya huɗu.

Ƙannena suka dawo, aka fito da tuwo. Na zuba wa ƙaramin ido yana kai loma, malmala ta biyu ta tafi yana neman ta uku.

"Yaya, lafiya kake kallona haka?"

"Ina mamaki ne. A birni ma haka kake ci?"

"A birni shayi da burodi ne, sai garin kwaki. Nan kuwa ba ni ke ci ba, fartanya ce."

Babban ya ce, "Gobe ka zo ka riƙe kunya ɗaya da mu, bayan naka zai warke, ka ga inda tuwon ke zuwa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. A lokacin maganar maƙwabcinmu ta faɗo mini, ranar shuka ake fara cin abinci. Na auna gida lokacin da babu mai aiki, babu baƙo, babu mai nema, na ɗauki wannan awon na shimfiɗa shi a kan shekara duka. Ƙannena kuwa na ba su rabon mai zaune.

Bayan sallar asuba na sami maiɗakina tana hura wuta. Na daɗe a tsaye. Ban taɓa jin Baba ya faɗa wa Inna abin da ke cikin rumbu ba, kuma ban san yadda ake fara irin wannan magana ba.

"Dami tara suka rage," na ce.

Ba ta ɗago ba. "Na zaci goma ne."

"Kin leƙa?"

"Allah Ya kiyaye. Ai ba sai na leƙa ba, Malam. Damin da kake jefowa tun satin jiya na ƙasa ne, a danne yake, ga ƙura. Kuma da daga kan tsani kake jefowa, yanzu sai ka ɓace a ciki, in ji kana nishi."

"Me ya hana ki magana?"

"Kai me ya hana ka? Da kana yawo da tiya da sanyi, na ce maka ya danganta, ka ce da me. Da ka zauna da na faɗa maka. Amma ka riga ka sami biyunka, kana murna."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tura itace, ta tambaye ni kwana nawa nake ganin ya rage wa gero. Na ce arba'in. Ta fara motsa baki, na gane lissafi take yi, ba takarda ba alƙalami. Ta ce taran ba za su kai ba ko da an koma awon rani, amma in na samo ko da tiya talatin, za ta san yadda za ta yi. Ta ce tun kwana biyar ta fara ƙara rama a dambu, babu wanda ya lura.

Daga nan na wuce zaure na faɗa wa Baba komai. Bai ce na faɗa maka ba. Ya ce in sake karanto masa takardar. Da na zo kan wata goma sha biyu sai ya ɗaga hannu.

"Watannin wa?"

"Watanni dai, Baba. Muharram zuwa Zulhajji."

"To gero ya san Muharram? Ba ka ga azumi yana yawo ba, bana da zafi, wata shekara da ruwa? Gero kuwa yana nan inda yake."

Wannan na san shi sarai, na karanta shi, nakan ma faɗa wa mutane cewa shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya. Ban taɓa kawo shi kusa da rumbu ba. Daga kaka zuwa kaka shekarar rana ce. Ga kwana goma sha ɗaya da ban ajiye musu ko zangarniya ba, ga makarar ruwa a kai. Na ji kunya, amma ban ɓoye ba, na kuma ji wani irin daɗi na ganin yadda abin ya haɗu. Haka na tarar ɗin Baba duk wannan ne a dunƙule, shi dai bai taɓa warware shi ba.

Ina da rago da nake turka saboda layya. Shi kaɗai ne abin sayarwa a hannuna, awakin gida na mata ne. Abin da ya fi sayar da shi nauyi a raina shi ne sayen hatsi. A ƙauyenmu manomi ya shigo da buhun hatsi daga kasuwa da marka, kowa ya san rumbunsa ya ƙare, kuma shekarar farko ta hawana ce. Na ce wa Baba ko in aiki ƙanena, ya biyo ta bayan gari da shi.

"Wa ya kai na sayarwa?"

"Ni."

"Ta bayan gari ka bi?"

Na ja ragona ranar kasuwa. Na sayar, na nufi layin hatsi, ƙafata ta kai ni wurin mutumin da na sayar wa da rani. Ya gane ni.

"Malam, ka zo duba geronka? Yana nan lafiya, na kula maka da shi."

Ya faɗi kuɗin tiya. Ya kusa ninka yadda ya saya a hannuna. Na ce ai gerona ne, ya ce shi ya sa ya rage mini. Kuɗin rago kaf ya tsaya a tiya talatin da biyu. Ina tsaye ana aunawa na duba layin, sai na ga fuskokin da na sani, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu, kowa da ɗan buhunsa a naɗe a hammata, kowa yana kallon wani wuri. Ashe duk shekara haka layin nan yake, ni ne ban taɓa zuwa da marka ba.

A bakin kasuwa na yi kiciɓis da maƙwabcinmu, ya kawo awaki. Ya dubi buhun a bayan babur, ya dube ni.

"Ƙaramin malam, tawada ce ta zube?"

"Ta zube, Baba."

"Bari in je in yi wa tsohon jaje. Ɗa ya yi karatu har ya fi rumbu." Ya dafa kafaɗata. "Ni a shekarata ta farko saniya na sayar. Kai rago ne kawai."

Na shiga gari ta babbar hanya, rana tsaka. Mutanen da ke gindin masallaci suka amsa sallamata, idonsu a kan buhu. Kwana biyu ana yi mini sannu da wata irin murya, daga baya aka sami wani abin magana.

Sauran kwanakin a hannun maiɗakina suke. Kowace safiya in faɗa mata abin da ya rage, ita kuma ta faɗa mini abin da za a ɗiba. Ba ta taɓa furar gona ba, ta ce mai fartanya ba a rage masa. Daga tuwon dare ta rage, da na mata, da nawa. Aka shiga kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, fate da rama, dambu wanda zogalensa ya fi tsakinsa. Yara suka yi ta ƙorafi cewa sun zama awaki. Na kawo shawarar a dakatar da kwanukan nan biyu da ke fita, Inna ta ce a cire daga nata. Ba a cire daga nata ba, ba a kuma dakatar ba. Malmalar dai ta ƙanƙance.

Kullum na dawo daga gona sai na biya ta 'yar gonarmu ta jigawa, wadda ke riga sauran nuna. Na ga gero ya fid da kai, na ga ya yi bununi, na ga ido ya fara zama. Ban taɓa kallon gero haka ba a rayuwata. Hatsin kasuwa ya ƙare. Na jefo dami na ƙarshe, na share gindin rumbu da tsintsiya, na sami abin da ya kai tiya ɗaya da rabi, da ƙasa da komai, aka rairaye.

Na karyo zangarniya ɗaya na kawo wa Baba. Ya murza ta a tafin hannu, ya hure, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya ciza.

"Kwana uku," ya ce.

Na shiga na faɗa wa maiɗakina. Ta buɗe tukunyar ajiya ta duba, ta ce tana da na kwana biyu.

Rana ta uku tumu muka ci. Ƙannena suka karyo zangarniya cike da kwando, aka hura wuta a tsakar gida aka yi ta gasawa, manya da yara muna murzawa muna hurewa, baki duk baƙi. Da yamma aka tafasa rama aka kwaɗa, aka rufe kwano biyu aka kai inda aka saba kaiwa, da tumu a kai. Washegari bayan asuba muka shiga gonar jigawa muka yanko wanda ya fi bushewa, aka shanya a tabarmi, muna kallon sama kada hadari ya taso. Allah Ya riƙe ruwan har la'asar. Kafin magariba na ji taɓarya tana sauka a turmi.